Yadda na kusa jawo a sayar da gonar Babanmu saboda ban auna kofin da babu komai a ciki ba

1/ Jiya wani ya turo min wani rubutu da ke yawo a WhatsApp, wai "an gano radiyeshan a ƙasar wani ƙauye", yana tambayata ko gaskiya ne tunda na karanta Fiziks. Sai na tuna abin da na taɓa jawo wa gidanmu da irin wannan magana. Zaren na da tsawo, ku nemi wurin zama. 🧵

2/ Ni ɗan Toranke ne, ƙaramar hukumar Ajingi, gabas da Kano. In ka baro Wudil ka kai Gaya, ka kusa zuwa garinmu. Baba manomi ne: gero, dawa, wake, gyaɗa. Da kuɗin gyaɗar gona ɗaya aka riƙa biya min rajista tun daga aji ɗaya har na gama. Ku riƙe wannan, zai dawo.

3/ A shekarar ƙarshe aka ba ni aikin bincike: in auna radiyeshan na halitta da ke cikin ƙasar noma. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na je gida bayan kaka, na haƙo ƙasa wuri biyar a gonar Baba, na shanya, na daka, na tankaɗe. Inna tana ta faɗa na ɓata mata rariya.

4/ Kafin mu ci gaba, ku san wannan: kusan komai yana da radiyeshan ɗan kaɗan. Ƙasa, dutse, siminti, tokar murhu, takin NPK, har jikinka. A jikin babban mutum, ƙwayoyin fotasiyom-40 wajen 4,000 ne ke rushewa a kowane sakan. Haka aka halicce mu. Don haka in an ce "akwai radiyeshan", ba a gaya maka komai ba tukuna, sai an ce nawa ne.

5/ In irin waɗannan ƙwayoyi suka rushe, wasu kan saki wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa gamma. Ɗan'uwan hasken ɗaukar hoton ƙashi ne na asibiti, sai dai yawanci ya fi shi ratsa abu. Kowane sinadari da ƙarfin nasa hasken, kamar yadda kowane mutum yake da muryarsa.

6/ Ana auna ƙarfin da wani ma'auni, keV. Fotasiyom-40 yana fitowa a 1460. Bismut-214, jikan yuraniyom, a 609 da 1764. Taliyom-208, daga zuriyar toriyom, a 583 da 2614. Ba sai kun haddace ba. Ku dai gane cewa in ka iya jin muryar, ka san wa ke magana.

7/ Kunnen da ke jin wannan murya shi ne ditekta. Wanda na yi aiki da shi dunƙulen wani gishiri ne garai-garai, sodiyom ayodaid. In gamma ya shige shi sai ya yi 'yar walƙiya, wata kwalba a bayansa ta mai da walƙiyar lantarki, kwamfuta ta ƙirga, ta jera su gwargwadon ƙarfinsu.

8/ Abin da kake gani a fuskar kwamfuta zane ne mai tuddai. Inda tudu ya tsaya shi ke gaya maka wane sinadari ne. Girman tudun kuma shi ke gaya maka yawansa. A takarda abu mai sauƙi. Ni ma haka na ɗauka, shi ya sa na shiga uku.

9/ Ditektan yana kan benci jikin bango, an kewaye shi da 'yan bulo na dalma. Robar da na zuba ƙasata ta yi tsawo, bulon sama ya ƙi zama. Me na yi? Na kwashe na sama da na gefe ɗaya na ajiye a ƙasa. Ba wanda ya sa ni. A raina cewa na yi ai ado ne kawai.

10/ Bayan awanni na dawo na tarar da tuddai manya-manya. Na ɗauko lissafin da wani da ya gabace ni ya bari a littafi na yi amfani da shi. Rahoton UNSCEAR na 2000 ya ce matsakaicin ƙasa a duniya wajen bekerel 400 ne na fotasiyom a kilo, 35 na radiyom, 30 na toriyom. Nawa ya ninka haka sau da yawa.

11/ Jama'a, gabana ya faɗi. Amma in faɗa muku gaskiya, akwai wani ɗan daɗi a ƙasan tsoron: ni ne na gano. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na tura wa Yayanmu saƙon murya: "Yaya, gonar Baba akwai matsala, na auna da na'ura. Don Allah kada ka gaya wa kowa tukuna."

12/ Kun san ƙarshen "kada ka gaya wa kowa". Yaya ya gaya wa matarsa don a daina ba yara kunun geron. Kafin Juma'a saƙona ya zaga unguwa, ya tsallaka har wajen 'yan'uwanmu a Gaya. A bakina "akwai matsala" ne. Da ya dawo kunnena ya zama "gonar guba".

13/ Inna ta ware geron gonar gefe guda a rumbu, ta koma sayen na kasuwa da kuɗin da babu. Maƙwabcin da kullum yake karɓar irin wake wajen Baba ya aiko yaro ya dawo da shi. Wata Gwaggonmu da ta daɗe tana ciwon ƙafa, aka ce ai ga dalili ya fito.

14/ Sai ga wani mutum ya zo wajen Yaya, wai tausayi ya kawo shi, zai karɓi gonar ya yi wurin buga bulo tunda ba ta nomuwa. Kuɗin da ya taya ko rabin darajarta bai kai ba. Yaya ya fara lallaɓa Baba: gara a karɓa kafin labari ya ƙara nisa a rasa mai saye.

15/ Baba ya kira ni, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ce, "Kai ɗan boko, kakanka ya ci gonar nan ya kai tsufa, ni ma ita na ci. Amma kai muka tura ka karanta. In ka ce guba ce, ba zan ciyar da jikokina guba ba. Ka tabbata?" Na ce, "Na'ura ce ta faɗa, Baba."

16/ Washegari na kai wa malamin da ke duba aikina takardun, ina jiran yabo. Ya duba, ya juya shafi, ya ce, "Ina ƙirgen kofin da babu komai?" Na ce, "Malam, in babu komai me za a ƙirga?" Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce in je in sa roba marar ƙasa, yadda na bar bulon, awanni daidai da na farko.

17/ Na sa. Na dawo. Tuddan nan suna nan daram, 1460, 609, 2614, kusan tsawonsu ɗaya da na ranar farko. Robar wayam take. Ashe duk kwanakin nan bangon ɗakin nake aunawa, da daɓen siminti, da tsakuwar ginin. Ƙasar Baba 'yar murya ce a ciki, ni kuma na ɗora mata duka.

18/ Wannan shi ne abin da zan kira hayaniyar gefe: duk abin da ditekta ke ji wanda ba daga abin da ka sa masa ya fito ba. Kamar mutum na yi maka raɗa kusa da injin niƙa. Ƙasata gram ɗari kaɗan ce. Ginin da ke kewaye da ita tan-tan ne, kuma shi ma da ƙasa da dutse aka yi shi.

19/ Hayaniyar nan tana zuwa ta ƙofa huɗu. Bango da daɓe. Iskar radon da ke fitowa daga ƙasa ta taru a ɗaki. Ƙwayoyin miyuwon da ke sauko mana daga sama, kusan ɗaya a kowane sakan na ratsa tafin hannunka. Sai kuma kayan da aka ƙera ditektan kansa, don gilashin kwalbar ma yakan ƙunshi fotasiyom.

20/ Na ce wa Malam to ai da sauƙi, sai in ɗebe na kofin banza daga na ƙasa. Ya ce a ɗebe dole ne, amma bai isa ba. Dalili: ƙirgen radiyeshan ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ka ƙirga yau ka sake gobe ba za su zo daidai ba, suna rawa sama da ƙasa. Kuma akwai ƙa'idar girman rawar.

21/ Ga ƙa'idar: girman rawar shi ne lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ƙirgen. In hayaniya 10,000 ce, tana rawa da wajen 100. Ƙasar da ta ƙara 50 kacal ta nutse a ciki, ba ka isa ka ce ka ji ta ba. In ka danne hayaniyar ta koma 100, rawarta 10 ce. Yanzu 50 ɗin nan ta fito fili.

22/ Kun gane? Alƙalami ba ya kashe injin niƙa. Dole a hana hayaniyar isa kunnen tun farko, kuma wannan aikin maƙerin na'ura ne. Malam ya ce in shirya samfurina yadda ya kamata in kai Zariya, in ga yadda ake gina shiru.

23/ A nan kuskurena na biyu ya fito. Radiyom na haifar radon, radon iska ce, tana tserewa daga leda. Bismut ɗin da ake aunawa kuma daga radon yake fitowa. Rabin ran radon kwana 3.8 ne, don haka sai an toshe kofi ruf, an bar shi wajen sati huɗu, kafin zuriyar ta daidaita. Ni ko kwana ɗaya ban jira ba.

24/ Sati huɗun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Na kira Baba na ce na yi kuskure, a dakata. Yaya ya ce, "Jiya na'ura ta ce guba, yau na'ura ta ce a jira. Wacce za mu ɗauka?" Ba ni da amsa. Mai bulo kuma yana ta aike cewa tayinsa ba zai daɗe ba.

25/ Na kai kofunana Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, CERT, a Samaru. Ga wanda bai sani ba, can ne tukunyar nukiliya ta bincike ta Najeriya take, NIRR-1, wadda aka gina da ƙarfin kilowat 30. Ta fara aiki a 2004, a 2018 aka sauya mata mai zuwa yuraniyom marar ƙarfi. Eh, a Zariya.

26/ Ditektan da aka sa ƙasata irin namu ne, sodiyom ayodaid, faɗi da tsawo santimita 7.62. Gidan da aka yi masa ne ya bambanta: dalma mai kaurin santimita 6 ta ko'ina, da murfi, babu kafa. Daga ciki an shimfiɗa kadmiyom, daga can ciki kuma jan ƙarfe. Na tambaya me ya kawo waɗannan biyun.

27/ Ga bayanin. Dalma na tare gamma na waje, amma in ya doke ta sai ita ma ta saki nata hasken, tsakanin keV 70 da 90. Kadmiyom, ko kuza, sai ya shanye wannan, amma shi ma ya saki nasa ƙarami. Jan ƙarfe ya shanye na ƙarshen. Katanga, sannan zana, sannan labule, kowa na rufe abin da na gabansa ya bari.

28/ Sai na ce to me zai hana a lafta dalma mita guda a huta? Ba ta yiwuwa haka. Bayan kamar santimita 10 zuwa 15 ƙari ba ya amfani, domin miyuwon na sama yana ratsa ta, in ya doki dalma mai yawa kuma sai ya tayar da wasu ƙwayoyin a cikinta. Garkuwar da kanta ta zama injin niƙa.

29/ Wani abin mamaki: sabuwar dalma tana da nata radiyeshan, dalma-210, mai rabin rai shekara 22. Shi ya sa masana ke neman tsohuwa. A 1988 aka gano wani jirgin ruwan Rumawa da ya nutse kusa da tsibirin Sardiniya fiye da shekara 2,000 da suka wuce, shaƙe da dunƙulen dalma, kowanne wajen kilo 33.

30/ Dalmar nan ta daɗe har ta yi shiru. A 2010 aka kai dunƙule 120 ɗakin gwaje-gwaje na Gran Sasso a Italiya don garkuwar gwajin CUORE. Ɗakin yana ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 1,400, wanda ke rage miyuwon kusan sau miliyan. Dubi wahalar da mutane ke sha don neman shiru, ni kuwa na kwashe bulo da hannuna.

31/ Ba garkuwa kaɗai ba, shi kansa kunnen ma akwai bambanci. A CERT akwai wani nau'in, na jamaniyom mai tsabta, da suke auna samfuran da suka fito daga tukunyar da shi. Wannan sai an sanyaya shi da ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili. In ba haka ba, ɗumin jikinsa kaɗai ya isa ya cika shi da surutu.

32/ Amfaninsa: tudunsa siriri ne. A wajen keV 662, tudun sodiyom ayodaid faɗinsa ya kai 45 zuwa 50, na jamaniyom bai kai 2 ba. Siririn tudu hayaniya kaɗan ce ke kwanciya a ƙarƙashinsa. Kuma 583 da 609 da ke cakuɗewa su zama tudu ɗaya a namu, a jamaniyom kowa tsaye yake daban.

33/ To me ya sa ba kowa ke da shi ba? Tsada, ga neman naitirojin kullum. Sodiyom ayodaid ya fi araha, ya fi jure wahala, yana kama gamma da yawa. Shi ya sa masu aiki da shi ke kauce wa inda tuddai ke cunkoso, su auna 1460, 1764 da 2614, can sama inda kowa ke da fili.

34/ Har siffar kofi tana da tasiri. Akwai kofin Marinelli mai rami a gindi, ana kifa shi a kan ditekta kamar hula, ƙasar ta kewaye shi. Muryar samfur ta ƙaru, kuma ƙasar da kanta ta ɗan tare na waje. Wasu kuma na jan tururin naitirojin zuwa cikin garkuwa ya kore iskar radon.

35/ Dabarar da ta fi burge ni, a manyan ɗakunan gwaji ake yin ta: a kewaye ditekta da wani ditektan mai gadi. In gamma ya doki na ciki ya zille da sauran ƙarfinsa, ko miyuwon ya ratsa, duka biyun za su ji a lokaci ɗaya. Kwamfuta sai ta jefar da wannan ƙirgen. Sai wanda na ciki ya ji shi kaɗai ake rubutawa.

36/ Aka ƙirga kowane kofi nawa sakan 29,000, awa takwas da 'yan mintoci. Aka ƙirga kofin banza daidai haka. Aka gwada na'urar da hodar da hukumar IAEA ta tabbatar da abin da ke cikinta. Sakamako: duk wurare biyar ɗin suna cikin abin da aka saba gani a ƙasar noma. Gonar Baba gona ce kamar ta kowa.

37/ Na kamo hanya, Zariya, Kano, Wudil, Gaya, na isa Toranke bayan magariba. Na tsuguna gaban Baba na miƙa takardar na ce, "Baba, a gafarce ni. Ginin makaranta na auna na ce gonarka ce." Ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tashi ka je ka gaya wa uwarka, ita ta fi shan wahala."

38/ Ba a sayar ba, alhamdulillahi. Inna ta buɗe geronta. Na tura sabon saƙon murya na gyara, na roƙi a yaɗa shi kamar na farko. Ko rabin inda na farko ya kai bai kai ba. Magana zarar bunu ce. Bara ma wani yaro ya yi wa baƙo kwatance da "bayan gonar guba". Ni na raɗa mata sunan.

39/ Kada wani ya ce na ce duk maganar radiyeshan ƙarya ce. Akwai wuraren da abin yake da gaske, kamar tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a Jos, da wuraren haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar. Mutanen can suna bukatar awo mai kyau fiye da kowa, kuma ƙararrawar banza irin tawa tana sa a daina sauraronsu.

40/ Don haka ga amsata ga wanda ya turo min rubutun jiya, da ku duka. Kafin ka tura, ka nemi abu huɗu: Nawa aka samu, kuma an kwatanta da me? Wane irin ditekta ne, cikin wace garkuwa? An toshe samfurin an jira? An ƙirga kofin banza? In rubutun bai faɗi ko ɗaya ba, riƙe shi a wayarka.

41/ 'Yan aji huɗu masu shirin irin wannan aiki, don Allah ku fara da kofin banza, kuma ku bar bulon dalma inda kuka same shi. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa in na samu caji. Bana gyaɗa Baba ya shuka a gonar, ya ce in zo cira. Allah ya ba mu damina mai albarka. 🙏